Shin marubutan yanzu ne suka lalata adabin Hausa?

Duk shekara idan 26 ga Agusta ta zagayo, ranar da ake bikin Ranar Hausa ta Duniya, sai an tono wata tsohuwar gardama. Wani zai ɗora hoton bangon Magana Jari Ce a Facebook, ya ce a da ne aka yi marubuta, yanzu kuwa babu komai sai tarkacen soyayya da batsa a cikin waya. Kafin a jima wata marubuciya ta mayar masa da martani cewa shi bai karanta littafin kowa ba tun da ya bar sakandare, don haka ba shi da bakin magana. A yi ta ja-in-ja har dare, gari ya waye kowa ya kama gabansa, sai kuma baɗi.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan cacar baki ita ce: da gaske ne akwai wani zamani da ƙagaggen labarin Hausa ya kasance tsarkakakke, sannan 'yan baya suka zo suka gurɓata shi? Amsar ba ta samuwa sai an duba wane ne ke biyan kuɗin bugawa a kowane zamani, wane ne ke gyarawa, wane ne kuma ke karantawa. Sau uku waɗannan abubuwa suka sauya hannu cikin shekara casa'in, kuma duk lokacin da suka sauya, kamannin labarin ma sauyawa yake yi.

Wane adabin ake nufi tukuna?

Masu gardamar kan ce "adabi" alhali reshe ɗaya tak suke nufi. Manazarta sun kasa adabin Hausa gida biyu. Akwai adabin baka, wato tatsuniya da karin magana da kirari da kacici-kacici da waƙoƙin makaɗa irin su Narambaɗa da Shata da Ɗanƙwairo. Akwai kuma rubutaccen adabi, wanda ya ƙunshi rubutacciyar waƙa da wasan kwaikwayo da rubutun zube. Ƙagaggen labari yanki ne na zube, kuma shi ne autan gidan.

Babbar yayarsa ita ce waƙa. Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Hausa malamai ke rubuta waƙa da ajami, wato Hausa da haruffan Larabci. Masu jihadin da ya fara a 1804 sun riƙi waƙa a matsayin hanyar karantarwa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma tura jajinta, wato matan da ta horar don karantarwa, ƙauyuka suna koyar da mata 'yan taru da waƙoƙin nan. Can ƙasar Gwanja kuma, Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi ta Gana a 1934, ya bar waƙoƙi a kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata. Saboda haka duk mai cewa Turawa ne suka koya wa Bahaushe rubuta adabi, bai san inda aka kwana ba.

Abin da malaman nan ba su yi ba shi ne zama su ƙirƙiri labarin da bai faru ba su rubuta shi. Ba don sun kasa ba. A wurinsu tawada da takarda kayan ilimi ne, masu tsada da alfarma, labarin ƙirƙira kuwa aikin tsofaffin mata ne da yara bayan sallar isha. Ita kanta tatsuniya da bakinta take amsa laifinta, tunda mai ba da ita kan rufe da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya. Malamin da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa ba zai so a ce ya ɓata alƙalaminsa a kan irin wannan ba.

Abin da ya faru a 1933

Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantun boko, sai ta tarar babu abin da yara za su karanta. Aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Dokta Rupert East. Da farko fassara aka yi ta yi daga Larabci da Turanci, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. East ya ga fassara kaɗai ba za ta sa mutane su ƙaunaci karatun boko ba, sai ya zaga manyan garuruwan Arewa a 1933 yana roƙon waɗanda suka yi makaranta su ƙago labarai su shiga gasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya sha wahalar shawo kansu, saboda wannan kallon da ake wa ƙagaggen labari na cewa ba aikin manya ba ne.

Littattafai biyar aka samu daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Ga abin da masu ɗora hoton bangon littafi ba su cika lura da shi ba. Mukan hango mutanen nan da rawani da furfura, muna ce musu mazan jiya. Amma an haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Lokacin gasar ɗaya yana da shekara 22 yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ɗaya yana da 21 yana koyarwa a Bauci. Sa'o'in waɗanda ake zagi yau ne. Sun kuma shiga aikin da manyan zamaninsu ke yi wa kallon wasan yara.

Abu na biyu shi ne jigon littattafan. Mai cewa soyayya baƙuwa ce da 'yan 1990 suka kwaso daga finafinan Indiya, ya koma ya buɗe Jiki Magayi. Labarin saurayi ne, Abubakar, da wani mai dukiya, Malam Shaihu, ya raba shi da Zainabu da ƙarfin arziki da asiri, shi kuma ya shiga duniya neman hanyar ramuwa. Talaka da mai kuɗi a kan budurwa ɗaya: wannan shi ne ƙashin bayan ɗaruruwan littattafan da aka zo ana kuka da su bayan shekara sittin. Shaihu Umar kuwa bai ɓoye munin bauta ba, da yadda aka sace yaro aka bi da shi hamada, uwarsa ta bi sawunsa har ta galabaita. Ruwan Bagaja cike yake da damfara da ƙarya da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Abin da ya sa ake ganinsu tas shi ne an tace su tun kafin su fito, domin ɗan makaranta aka yi su, kuma jami'in ilimi ne ya yi musu tankaɗe da rairaya.

Batun aro, wanda nan ne gardamar ta fi rikicewa

Babban zargin da ake wa marubutan baya shi ne kwaikwayo: sun kwafi Indiya, yanzu kuma sun koma kwafar finafinan Koriya da na Turkiyya. Zargin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ake kafa hujja da shi, shi ne babban mai aro a tarihin zuben Hausa.

Imam bai ɓoye cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri wajen gina Ruwan Bagaja ba, littafin nan na Larabci da ake karantawa a zaure, mai ɗauke da labarin wani mayaudari mai zaƙin baki da abokinsa da ke yawan cin karo da shi a garuruwa. Da East ya ga hazaƙarsa, sai ya sa aka kawo shi Zariya a 1936, aka jibge masa littattafan labarun Larabawa da na Turai da na Indiya, ya zauna kusan wata shida yana aiki. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, daga 1937 zuwa 1939. Da yawa daga labarun ciki suna da tushe a Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, da wasunsu. Hatta dabarar a sa aku ya riƙa ba da labari dare bayan dare don ya hana wani fita, tsohuwar dabara ce a adabin Indiya da Farisa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yi dogon nazari yana bin sawun labarun ɗaya bayan ɗaya zuwa inda aka ɗebo su.

To me ya sa ba wanda ke jin baƙunta idan yana karantawa? A nan gwanintar take. Imam ba ya ɗauko labari da kayan jikinsa. Yakan tuɓe shi tsaf, ya sa masa riga da wando na gida. Fadar ta zama fadar Hausa da waziri da sarkin zagi da 'yan lifidi, mai laifi a kai shi gaban alƙali, kasuwa ta ci ranar da ta saba ci, mutane su yi zance da habaici da ba'a irin ta Bakatsine da Bagobiri. Wanda ya karanta zai rantse a bayan garinsu abin ya faru. Bambancinsa da mai kwafar fim a yau a wurin narkarwa yake. Idan ka karanta labarin da aka ce a Gusau yake faruwa, amma saurayin na da jirgin sama nasa na kansa, budurwar na zuwa ofis ta mari shugaban kamfani, uwar miji na magana kamar a Mumbai, ka san an haɗiye abin ne ba a tauna ba. Ni a ganina wannan shi ne zargin da ya kamata a riƙa yi, a daina cewa aro kansa laifi ne.

Shekarun da hukuma ke riƙe da injin

Daga zamanin su Imam har wajen 1980, yawancin ɗab'in Hausa a hannun hukuma yake ko kamfanin da ta kafa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Imam a matsayin edita, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 lokacin yaƙi da jahilci, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya zo a 1966. An samu littattafai masu kyau, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi da Nagari Na Kowa da Tauraruwa Mai Wutsiya da Kitsen Rogo. Akwai edita, akwai mai duba ƙa'idar rubutu, akwai kuma kasuwa tabbatacciya, domin da zarar an sa littafi a manhaja ma'aikatar ilimi za ta saya.

Amma ƙofar ƙunci gare ta. Cikin kusan rabin ƙarni, ƙagaggun labaran da aka buga ba su da yawa, kuma duk na maza ne. Sai a 1980, bayan wata gasar NNPC, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Shekara 46 ke nan bayan fitowar Ruwan Bagaja kafin a ga sunan mace a bangon ƙagaggen labari, a cikin al'ummar da tatsuniyarta a bakin mata take. Wanda ke kewar wancan zamani ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Yadda kasuwa ta karɓi ragama

Abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika ajujuwa, ga kuma azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, musamman a Kano. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an samu dubban matasa, mata da yawa a cikinsu, da suka iya karanta Hausar boko amma ba su da abin karantawa da ya shafi rayuwarsu. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. Masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu bugawa suka janye.

Sai matasa suka ce bari mu buga da kanmu. Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, na 1984, a matsayin na farko-farko. Marubuci zai tara kuɗinsa ko ya ranta, ya kai wa mai tafireta, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa dillalan littafi a kasuwa, sau da yawa bashi, sai an sayar a biya shi. Wannan ne ya sa ake raba labari ɗaya kashi biyu ko uku ko huɗu: kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu, kuma dole a yanke labarin a inda ran mai karatu zai tashi. Ƙungiyoyi suka kafu, fitacciyarsu ita ce Raina Kama, sunan da ke ɗauke da amsarsu ga masu sukar su, wato raina kama ka ga gayya. A cikinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba, da Balaraba Ramat Yakubu.

Labarin Balaraba kaɗai ya isa ya nuna abin da buɗewar ƙofar ta kawo. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ajin manya ta ci gaba da karatu. Littattafanta, Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo, sun yi magana a kan auren dole da sakin wulaƙanci da mijin da ke tara mata ya kasa riƙe su, daga bakin wadda ta ga abin da idonta. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar Alhaki Kwikwiyo da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Da a ce sai ta bi layin NNPC, da wuya a ce mun san ta.

Jami'a ba ta karɓi abin hannu biyu ba. Malumfashi ne ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe suka ɓace. Hujjarsa ita ce yawancinsu ba su da zurfi, ba a gyara su, jigonsu ɗaya, kuma riba ce ke jan su. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka ce a'a, wannan adabin Hausa ne na zamani, ya sa mutanen da ba su taɓa sayen littafi ba suna saye, kuma a cikin tarin akwai na ƙwarai. An gwabza wannan muhawara a ƙarshen shekarun 1990 a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi a lokacin. Duk abin da ake faɗa yau a Facebook an riga an faɗe shi a can, da hujjoji mafi nauyi.

Hukuma ma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 aka ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar mai suna A Daidaita Sahu. Amma abin da ya durƙusar da kasuwar littafin takarda ya fi ƙarfin ashana. Fim ɗin bidiyo ya janye marubuta da masu karatu, tunda da yawa daga finafinan farko daga littattafan nan aka ciro su. Takarda ta ci gaba da tsada. Sannan waya ta iso.

Zamanin waya

Yau yarinya a Funtuwa ko Maraɗi ko Zangon Kumasi na iya fara littafi da daddare, da safe mutum ɗari biyar sun karanta shafin farko. Ba ta bukatar maɗaba'a ko dillali. Tana sakin labarin kashi-kashi a zaurukan WhatsApp da Telegram, ko a Wattpad da ArewaBooks. Shafukan farko kyauta ne, idan labari ya kama sai a ce daga nan na kuɗi ne, a tura ta banki ko katin waya a shiga zauren waɗanda suka biya. Wasu kuma ana karanta nasu da murya a YouTube, wanda bai iya karatu ba ma yana saurare yana aikinsa.

Wannan tsari shi ke haifar da yawancin abin da ake ƙorafi a kai. Wadda ke sakin shafi kullum ba ta da damar komawa ta gyara babi na biyu idan ta kai na talatin, ya riga ya fita. Masu karatu na tsaye a kanta da sharhi, wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce kar a raba masoyan, labarin sai ya bi son ransu ya bar inda ya dosa. Tunda tsawo ke riƙe mai biya, labarin da ya kamata ya ƙare a shafi ɗari sai ya kai ɗari biyar. Kuma tunda abin da ke motsa sha'awa ya fi saurin kawo kuɗi, wasu sun mayar da batsa jarinsu. Wannan gaskiya ne, marubutan kansu sun fi kowa kuka da shi, domin kuɗin goro ake yi musu gaba ɗaya.

Sai batun rubutun kansa. Haruffa masu ƙugiya sun ɓace a rubutun da yawa, ba a bambance ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a rubuta "zanje" da "yace" da "dashi". Rabin jimla Hausa rabi Turanci, ba don halin tauraron ya bukaci haka ba. Yaron da ya tashi yana karanta wannan, haka zai rubuta a jarrabawa, malaman Hausa na sakandare su ne shaida.

Inda kowane ɓangare ya yi daidai

Masu kewar da suna da gaskiya a kan abu ɗaya babba: an yi asarar edita. Imam yana da East a kansa, mai mayar masa da rubutu ya ce a sake. Marubucin 1995 yana da aƙalla 'yan ƙungiyarsa da za su duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Na yau daga babban yatsansa sai idon mai karatu. Kuskurensu shi ne gwada abin da ba a gwadawa. Suna ɗaukar littattafai biyar da aka zaɓa a gasa, aka gyara, aka koyar shekara casa'in, su aza su kusa da duk abin da aka saki jiya da daddare. Kowane zamani idan aka zube shi gaba ɗaya ba a tace ba, ƙaiƙayi ne zai fi yawa.

Su kuma masu kare na yanzu suna da gaskiya cewa ba a taɓa karanta Hausa da yawa kamar yau ba, kuma mata, waɗanda aka bari a baya rabin ƙarni, su ne ke riƙe da fagen. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta nuna cewa idan aka sa ƙa'ida da alƙalai, marubutan nan na waya suna fitar da gajerun labarai masu nauyi a kan gudun hijira da fyaɗe da talauci da taɓin hankali. Inda suke kuskure shi ne ɗaukar duk wani gyara a matsayin hassada. Yawan masu bibiya ba ya mayar da jimla karyayya ta zama daidai.

Ga iyaye, abin ya sauya salo. A da uwa na iya ɗaga katifa ta ga littafin da 'yarta ta ɓoye. Yanzu yana cikin waya, kuma babu hukumar da za ta iya ƙona shi. Abin da ya rage shi ne a san sunayen marubutan ƙwarai a nuna wa yara su, wanda hakan ba zai yiwu ba sai iyayen ma suna karatu.

Abin da sabon marubuci zai ɗauka

Mai son fara rubutu yakan tambayi daga ina ake samo basira, kamar wani abu ne da ke saukowa da tsakar dare. Tarihin nan bai nuna haka ba. Imam ya karanta Larabci a gida wurin mahaifinsa, ya karanta Turanci a Kwalejin Katsina, ya kuma kasa kunne ga zancen fada da na kasuwa. Tafawa Ɓalewa ya rubuta bautar da tsofaffin zamaninsa suka gani da idonsu. Bello Kagara ya ɗauko yaƙin Kwantagora da Turawa, abin da ya faru yana yaro. Balaraba ta rubuta gidan aure kamar yadda ta san shi. Kowannensu ya haɗa karatu mai yawa da abin da ke gabansa. Mai zaune a Zamfara ko Borno ko Diffa a yau, yana ganin abin da mutanensa ke ciki, amma ya tsallake ya tafi rubuta attajirin Dubai da bai taɓa gani ba, ya bar labarin da shi kaɗai zai iya bayarwa.

Editan da aka rasa kuwa ana iya ƙirƙirarsa. Ka gama labarin kafin ka fara saki, ka ajiye shi sati biyu, ka ba mutum biyu da ba sa jin kunyarka su karanta. Ka sa allon rubutun Hausa a wayarka don ƙugiyoyin su fito. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, duk jimlar da kakarka ba za ta faɗa haka ba, ka duba ko Turanci ne ke kwance a ƙarƙashinta.

Akwai kuma matsalar da ba a cika magana a kanta ba, wato adanawa. Ruwan Bagaja na nan a kasuwa har gobe saboda yana da kamfani da manhaja a bayansa. Littattafan 1990 da yawa sun ɓace, an buga su sau ɗaya a takarda mara ƙwari, sai ɗan abin da wasu manazarta da ɗakunan karatu na jami'o'i suka tattara. Na waya sun fi su rauni. Zaure na iya rufewa, waya ta faɗa ruwa, lambar marubuciya ta sauya. A ƙarshen Nuwamban 2023 dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe. Wanda ke da kwafin aikinsa a wani wuri ya kwashe ya koma wani dandalin, wanda ba shi da shi kuwa sai dai ya bi masu karatunsa yana tambaya ko akwai wanda ya adana.